Wuraren Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Togo da Gurbin Hanyoyin Fatake a Cikinsu

1.0 Gabatarwa

Togo ƙasa ce siririya. Gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba, amma tsawonta daga Lome zuwa iyakar Burkina Faso ya kusan kilomita 600. Wannan siffa ce ta tsara yadda baƙi ke zagaya ta: su sauka a kudu, su bi babban titi guda su nufi arewa. Maƙalar tana ganin cewa wannan tsari ya ɓoye wani ɓangare na tarihin ƙasar da ya shafi manazarcin Hausa kai-tsaye.

2.0 Abin da Ake Nuna wa Baƙo

A Lome akan fara da Babbar Kasuwa, inda matan nan masu fataucin atamfa da ake kira Nana Benz suka yi suna, sai kasuwar kayan tsafi ta Akodessewa. Daga nan a yi gabas zuwa Agbodrafo, inda gidan da aka riƙa tsare bayi yake, sannan a haye tafki cikin kwale-kwale zuwa Togoville. Da sunan sarkin wannan gari, Mlapa, aka ƙulla yarjejeniya da Gustav Nachtigal a 1884, wadda ta shigar da yankin hannun Jamus.

Karkara ma tana da nata. Kusa da Kpalime akwai gonakin koko da kofi da Dutsen Agu, mafi tsawo a ƙasar, mai mita 986. A arewa maso gabas kuwa akwai Kutammaku, ƙasar Batammariba masu gina gidajen laka masu bene, wadda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2004. Kokawar Evala ta Kabiyawa a yankin Kara tana tara jama'a kowane watan Yuli.

3.0 Hanyar da Ba a Bi

Ayarin fatake masu neman goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja ba su bi Togo a tsaye ba. Ratsa ta suka yi a kwance, daga gabas zuwa yamma. Sun yada zango a ƙasar Kotokoli, wajajen Sokode ta yau, da kuma Sansanne-Mango a bakin kogin Oti, garin da ake danganta farkon sunansa da kalmar "sansani". Matafiyin da ke bin titin kudu zuwa arewa yakan tsallake wannan tsohuwar hanya bai sani ba, domin fatake ba su bar ganuwa ko hasumiya ba. Abin da suka bari shi ne unguwannin zango da masallatai da makarantun allo da harshe, kuma waɗannan ba su cika shiga hoton talla ba.

Zangon Lome misali ne mai tayar da hankali. A 1977 hukuma ta tashe shi daga tsakiyar birni ta mayar da mazaunansa can bayan gari ta arewa. Ke nan wurin da ya fi kowane nuna zaman Hausawa a babban birnin ya gushe tun kafin a yi tunanin taskace shi. Iyakokin mulkin mallaka ma sun ƙara tarwatsa labarin: Kete-Krachi, inda Imam Umaru ya zauna ya yi aiki da Adam Mischlich, a da tana cikin Togo ta Jamus, yanzu kuwa tana cikin Ghana.