RUMAWA DA GADON DA SUKA BARI

A ƙasar Batsari akwai wani tsohon gari mai suna Ruma, mutanensa kuwa ana ce da su Rumawa. Amma akwai waɗansu Rumawa dabam, waɗanda suna ne kawai ya zo ɗaya. Su ne mutanen birnin Rum, can ƙasar Italiya, cikin Turai.

An ce an kafa birnin Rum shekara 753 kafin haihuwar Annabi Isa. Da fari ɗan ƙauye ne a bakin kogi. Sannu a hankali ya bunƙasa, mutanensa suka gwanance da yaƙi, har suka ci dukan ƙasashen da ke kewaye da tekun da ke tsakanin Turai da Afirka. Shi ya sa ake kiran tekun nan Bahar Rum. Duk inda suka ci, sai su shimfiɗa hanyoyi da duwatsu, su gina gadoji, su jawo ruwa zuwa cikin gari.

To, amma mulki ba ya tabbata ga kowa. Cikin shekara ta 476 bayan haihuwar Annabi Isa aka tuɓe sarkinsu na ƙarshe a Italiya. Manyan gine-ginensu da yawa suka zama kufai. Duk da haka sun bar wa duniya gado, har ya iso makarantun Batsari da Safana.

Na farko shi ne baƙaƙen boko. Harshen Rumawa sunansa Latin, da baƙaƙensa ne Turawa suka koyi rubutu. Sa'ad da Turawa suka zo ƙasar Hausa, sun tarar ana rubutu da ajami, su kuma suka kawo nasu. Daga baya aka ƙara ɓ da ɗ da ƙ, don babu su cikin Latin.

Na biyu, lissafin watanni. Wani shugabansu, Yuliyas Kaisar, shi ya gyara shekara ta zama kwana 365, kowace shekara ta huɗu kuwa a ƙara kwana guda. Don girmama shi aka sa wa wata na bakwai suna Yuli. Na takwas ya ci sunan magajinsa, Agustas. Ashe manomin Safana, in ya ce marka ta sauka cikin Agusta, sunan sarkin Rum ya ambata bai sani ba.

Na uku, alƙaluman ƙirga. Rumawa na rubuta ɗaya I, biyar V, goma X. Har yau ana ganinsu a fuskar waɗansu agoguna. Amma ba su da sifiri, saboda haka lissafi da su da wuya. Alƙaluman da yara ke lissafi da su yanzu asalinsu daga Indiya ne, Larabawa suka yaɗa su.

Takubban Rumawa sun yi tsatsa, dawakinsu sun ƙare, amma iliminsu ya wanzu. Yaron da ya ɗauki alli ya rubuta sunansa, ya ci gadon mutanen da bai taɓa gani ba.

Tambayoyi
1. Ina birnin Rum yake?
2. Me ya sa ake cewa Bahar Rum?
3. Rubuta 6 da 12 da alƙaluman Rumawa.