Idan Inji Ya Mutu Bayan Tashi, Kada Ka Juya

Ranar 5 ga Maris 2015, ɗan wasan fim na Amurka Harrison Ford ya tashi daga filin jirgin Santa Monica a jihar Kalifoniya cikin Ryan PT-22, ƙaramin jirgin horar da sojoji na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Bai yi nisa ba inji ya mutu. Ya karkata zai koma fili, ya ga ba zai kai ba, sai ya nufi filin golf na Penmar, jirgin ya daki kan bishiya ya faɗi, shi kuma ya ji munanan raunuka. Hukumar bincike ta NTSB ta gano cewa wani ɗan bututu mai auna fetur a cikin kafireta ne ya kwance, mai ya yi wa inji yawa. Ta kuma ce bel ɗin kafaɗa da ba a kafa shi daidai ba ya ƙara tsananta raunin.

Mutuwar inji kaɗai ba ta kayar da jirgi, domin fukafukai na ci gaba da riƙe shi muddin iska na gudana a kansu. Haɗarin yana cikin daƙiƙoƙin farko. Jirgin da ke hawa hancinsa a sama yake, gudunsa kaɗan ne, kuma tsofaffin jirage irin su Tiger Moth, masu fukafukai hawa biyu da wayoyi barkatai, nan take suke rasa gudu. Don haka aikin farko shi ne ka tura sandar tuƙi gaba, hanci ya yi ƙasa. Bayan nan ka zaɓi wuri a gabanka, ko ɗan dama ko ɗan hagu. Sai in akwai sauran tazara daga ƙasa za ka duba makunnin mai, ka sauya tanki, ka buɗe zafin kafireta ko ƙanƙara ce ta toshe ta, ka yi kiran gaggawa. Kafin ka taɓa ƙasa, rufe mai, kashe wuta, matse bel.

Wani zai ce titin jirgi na bayansa lafiya lau, don me zai jefa jirgin da ba a ƙera irinsa yanzu cikin gona? Lissafin ne ba ya yarda. Komawa titin da ka baro ya fi juyi na digiri 180, kowane juyi yana cin tazara, kuma idan ka kwantar da jirgi digiri 60, gudun da fukafukai ke bukata don su riƙe shi yana ƙaruwa da kusan kashi 41 cikin ɗari. Matuƙin da ya ga ƙasa na matsowa yakan ja sanda baya, jirgin ya murɗe ya nutsa da hanci a inda babu sararin gyara. Saukar gona a hankali, fukafukai a daidaice, takan lalata ƙafafu da farfela, mutum ya fito da ransa.

Gaskiya ne, wasu filayen jirgin sama gidaje ne a gabansu, kuma daga isasshiyar tazara juyin na yiwuwa. Amma wannan tazarar tare da malami ake auna ta, can sama, a jirginka kai. Kafin kowane tashi, ka san inda za ka sauka in inji ya yi shiru, ka tsiyayo mai daga ƙasan tanki ka duba ko akwai ruwa, kuma ka sa injiniya ya duba kafireta da mazaunin bel.