Haƙƙin Mai Ajiya Wajen Dakatar Da Cirar Kuɗi Ta Kati Wata-Wata

FATAKWAL: Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin Naira, ya sa ɗimbin 'yan kasuwa Hausawa mazauna kudancin ƙasar nan sun rungumi katin banki. Daga masu sana'a a kewayen Trans-Amadi da ke Fatakwal, zuwa fataken kayan abinci a bakin gadar Anacha, har dillalan dabbobi a Garikin Inugu, kati ya zama abin sawa a aljihu kullum. Sai dai sauƙin ya zo da wata matsala da ba kowa ya fahimce ta ba, wato kuɗin da ake zarewa daga asusun mutum kowane wata ba tare da an sake neman yardarsa ba.

Yadda abin yake faruwa

Idan mutum ya biya kuɗin kallon DStv, GOtv ko Netflix ta intanet, ko ya karɓi rance daga manhajar waya, akan nemi ya shigar da lambobin katinsa, da ranar ƙarewar aikin katin, da lambobi uku na bayansa. Sau da yawa a cikin sharuɗɗan da ya amince da su akwai izinin a ci gaba da cirar kuɗi duk lokacin da wa'adi ya zagayo. Kamfanonin da ke shiga tsakani wajen biyan kuɗi, irin su Paystack da Flutterwave, sukan adana wata shaida da ke wakiltar katin, ta yadda a karo na biyu ba a bukatar lambar sirri.

Wannan ya fi shafar ɗan kasuwar da ke zaman ci-rani. Galibi sharuɗɗan da Turanci suke, kuma sau da yawa wani yaro ne ko mai POS yake taya shi cikewa. Alal misali, wanda ake cire wa Naira 6,000 a wata, idan ya rufe shago ya tafi gida noman damina na wata huɗu bai soke izinin ba, zai dawo ya tarar Naira 24,000 sun tafi a kan abin da bai amfana da shi ba.

Hanyoyin cira iri uku ne

Kafin mai ajiya ya tunkari banki, wajibi ne ya san wace hanya ake bi ana ɗaukar kuɗinsa, domin kowace da maganinta.

Ta farko ita ce umarnin dindindin, wanda shi da kansa yake bai wa bankinsa cewa a riƙa tura wani adadi ga wane a rana kaza. Tunda shi ya ba da umarnin, da zarar ya janye shi magana ta ƙare.

Ta biyu ita ce takardar izinin cira kai tsaye daga asusu, wadda yake sa wa hannu domin kamfanin inshora ko mai ba da rance ya riƙa karɓar kuɗinsa. Irin wannan yakan bi ta na'urorin kamfanin NIBSS, mai daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan ƙasar nan.

Ta uku ita ce cira ta kati, Verve ne ko Mastercard ko Visa. A nan izinin yana ajiye a wurin kamfanin da ke karɓar kuɗin, shi ya sa ma'aikatan banki sukan ce wa mai ƙorafi ya koma can. Wannan ce ta fi jawo ja-in-ja.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya sabunta a shekarar 2018 game da cira kai tsaye ta bai wa mai asusu ikon soke izininsa ta hanyar sanar da bankinsa ko kamfanin da ke karɓa, amma sokewar tana fara aiki ne bayan wa'adin da ake ciki ya ƙare. Saboda haka wanda ya jira sai ana gobe za a cire, ya makara a wannan watan.

Dangane da kati kuwa, abubuwa biyu ne suke kare mai ajiya. Na ɗaya shi ne ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna da Babban Bankin ya fitar a watan Disamba na 2019, waɗanda suka wajabta wa kowane banki ya bayyana sharuɗɗa a fili, ya karɓi ƙorafi, ya kuma warware shi. Na biyu shi ne dokokin kamfanonin katin su kansu. Visa da Mastercard sun yarda banki ya nemo wa mai kati kuɗinsa idan an cire bayan ya riga ya soke izini, kuma galibi wa'adin neman hakan kwana 120 ne. Amma ba a yin nasara sai da shaidar cewa an soke ɗin.

Idan laifin na kamfanin da ke sayar da hajar ne, akwai hukumar FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar kare masu sayen kaya ta 2018, ta gaji majalisar da aka kafa tun 1992. Ita ce kuma ta fara rajistar masu ba da rance ta waya a shekarar 2022.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Birtaniya, dokar biyan kuɗi ta 2009 ta bai wa mai kati ikon dakatar da irin wannan cira ta bankinsa kaɗai. Duk da haka bankuna sun daɗe suna tura mutane wurin kamfanoni, har sai a watan Yuni na 2013 da hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙasar ta sanar cewa manyan bankuna sun amince su riƙa sokewa da zarar an nema, su kuma mayar da duk abin da aka cire bayan haka. A Amurka, dokar 1978 ta ce mai asusu yana iya tsayar da cira idan ya sanar da banki aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar. A Indiya kuwa, tun watan Oktoba na 2021 dole ne a aika wa mai kati sanarwa awa 24 kafin a taɓa kuɗinsa. Darasin shi ne, haƙƙin da ke rubuce ba ya aiki sai masu shi sun nace.

Matakan da ya kamata a bi

Da farko mai ajiya ya karɓi takardar bayanin asusunsa ta aƙalla wata uku, ya duba sunan da ke maimaita kansa da ranar da ake cirewa.

Sannan ya soke a wurin kamfanin, ta manhajarsa ko ta wasiƙa, tun da sauran mako biyu ko fiye. Ya adana hoton shafin ko saƙon da ya tabbatar da sokewar.

Bayan haka ya rubuta wa bankinsa cewa ya janye izini, ya ambaci sunan kamfanin da adadin kuɗin da ranar. Ya tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ya riƙe, ya kuma nemi lambar bibiyar ƙorafi. Wanda ya buɗe asusu a Kano ko Sakkwato ba sai ya yi tattaki zuwa gida ba. Reshen bankin da ke Trans-Amadi ko Anacha yana iya karɓar takardar.

Idan cirar ta ci gaba, yana iya rufe hanyar biyan kuɗi ta intanet a katin, ko ya sa a toshe shi a ba shi sabo. Jadawalin cajin bankuna da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020 ya sa kuɗin sabon kati Naira 1,000 a wancan lokaci. Toshe kati dai ba ya maye gurbin rubuta wa kamfani.

Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, sai ya kai kuka ga sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Ana karɓar takarda a rassansa, ciki har da na Fatakwal da Inugu, da na Awka ga mazauna Anacha. Tun shekarar 2015 aka ƙayyade cewa ba a sauraron ƙorafin da ya haura shekara shida.

Akwai kuma abin lura ga masu biyan kamfanonin waje. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin Naira a ƙetare a shekarar 2022, wasunsu suka dawo da shi a watan Yuli na 2025. Tsohon izinin da aka manta da shi yana iya farfaɗowa, kuma abin da aka yi wa farashi da Dala, da canjin ranar ake lissafa shi.

Soke izini ba ya sauke bashi

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Janye izinin cira yana rufe hanyar biya ne kawai, yarjejeniyar tana nan daram. Wanda ya ƙulla kwantiragin shekara guda, ko ya ci rance, har yanzu ana bin sa, kuma ana iya kai sunansa ga kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi. Bugu da ƙari, tsarin GSI da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2020 ya bai wa bankin da ya ba da rance ikon ɗebo kuɗinsa daga asusun mai bashi a wasu bankuna ta amfani da lambar BVN, matuƙar ya sa hannu a kan izinin tun farko kuma ya gaza biya. Wannan ba a soke shi da toshe kati.

Saboda haka wanda ake bi bashi na gaskiya, abin da ya fi masa shi ne ya zauna da mai bashin a sake tsara biya. Wanda kuwa ake cire wa kuɗi a kan abin da ya riga ya bari, yana da cikakken haƙƙin a dakatar, a kuma mayar masa da abin da aka ɗauka bayan ranar da ya soke. Shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa tunatar da jama'a su duba bayanin asusunsu kafin tafiya gida Sallah ko damina, kuma kada kowa ya miƙa katinsa a yi masa rajista sai an karanta masa sharuɗɗan da harshen da yake ji.