Satanta: Shugaban Kiowa da Bakinsa Ya Kai Shi Kurkuku

A wannan ɗan nazari zan duba rayuwar Satanta, ɗaya daga cikin shugabannin ƙabilar Kiowa, 'yan asalin Amurka mafarautan ɓauna. Abin da ya ja hankalina shi ne iya maganarsa. A 1867, wajen yarjejeniyar Medicine Lodge, ya shaida wa wakilan gwamnati cewa mutanensa ba sa son a killace su wuri guda.

A watan Mayun 1871, mayaƙan Kiowa suka far wa wani ayarin masu dakon kaya a Texas, suka kashe mutum bakwai. Satanta da bakinsa ya gaya wa jami'in gwamnati cewa shi ya jagoranci harin. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Kotun Jacksboro ta yanke masa hukuncin rataya, gwamna ya mayar da shi ɗaurin rai-da-rai.

An sake shi a 1873, aka kuma kulle shi a 1874. A 1878 ya faɗo daga tagar asibitin gidan yarin Huntsville, ya mutu. Mutumin da ya ƙi killacewa, a killace ya ƙare.