Zuwa ga 'ya'yana masu cikin fari, kan maganar da ake jin nauyin faɗa

Ina gaishe ku, ku da abin da kuke ɗauke da shi. Allah ya raba lafiya.

Kwanakin baya na je duba wata 'yar ƙanena, cikinta wata shida. Ina taya ta gyaran gado, na ɗaga katifa, sai ga ƙullin leda: jajayen ƙwayoyin ƙarin jini na wata biyu cur, ko taɓa su ba a yi ba. 'Yan ƙananan masu ruwan ɗorawa kuwa ta shanye su tas. Na ce, "Ke, wannan fa?" Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Da ƙyar ta ce, "Gwaggo, in na sha sai in kwana huɗu ban zaga ba." Na ja fatar ƙasan idonta, fari fat. Ta je awo sau uku, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, tunda ni na wuce shekarun jin kunyar wannan zance.

Taurin bayan gida ga mai ciki ba sammu ba ne, ba kuma laifinki ba ne. Da zarar ciki ya shiga, jiki yakan ƙara yawan wani sinadari da ake kira firojestaron, wanda ke kwantar da mahaifa don ta riƙe abin da ke cikinta. To ba mahaifa kaɗai yake kwantarwa ba, hanji ma sai ya yi sanyi, abinci ya riƙa tafiyar hawainiya. Babban hanji kuwa aikinsa tsotse ruwa. Muddin abu ya daɗe a cikinsa, sai ya bushe ya dunƙule kamar na awaki. Daga baya ciki ya girma ya danne hanjin, ga maganin ƙarin jini da ke ƙara ɗaure shi.

Amma ajiye maganin gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe kullum, saboda jinin da ke jikinki yanzu na mutum biyu ne, kuma ranar haihuwa dole wani zai zuba. Wadda ta shiga naƙuda da cikakken jini takan jure; wadda ta shiga da farin ido, kaɗan ya isa ya kayar da ita. In maganin ya ɗaure ki, ki buɗe baki a wurin awo. Za su iya canza miki wani iri, ko su gyara yadda kike sha, ko su haɗa miki da ruwan magani mai tausasa bayan gida irin laktulos. Kada ki kora shi da shayi, yana hana jiki ɗaukarsa; lemon zaƙi shi ne abokinsa. In kin ga bayan gidanki ya yi baƙi, aikin maganin ne, kada ki tsorata.

Yanzu ga inda na fi son ku saurare ni. Na san gidajenmu. Banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, surukarki na zaune a kan tabarma daidai hanya, ƙannen miji na alwala a bakin rijiya. Kin ji motsi da safe bayan kin sha koko, kin kalli buta, kin kalli mutane, kin ce bari a watse. Kafin a watse, abin ya koma. To wannan motsin na bayan karin kumallo shi ne mafi ƙarfi a yini, don ciki na cika hanji ke farkawa. Duk sa'ar da kika danne shi, kin ba hanji lokaci ya ƙara tsotse ruwa, gobe kuma sai kin yi nishi. Nishin nan shi ke jawo basir, ko ya tsaga wurin ki riƙa ganin jini, ki ƙara jin tsoron zuwa. Ɗauki butarki ki wuce, 'yata. Surukar nan da kike kunya ta haifi takwas, ta san inda za ki. Kuma tsugunno irin namu ya fi zaman kujera sauƙaƙa fita. In masan zama ne a gidanku, ki sa 'yar kujera ki ɗora ƙafafu. Kada ki daɗe kina yunƙuri. In bai zo ba, tashi, zai sake kira.

Batun abinci ba sai na tsawaita ba, don maganin na cikin kasuwarku. Kwaɗon zogale ko na rama, miyar kuka, kuɓewa, alayyahu, faten wake, dankalin Hausa, aya, dabino, gwanda wadda ta nuna sosai, lemo ki ci har da tsokarsa maimakon ki tsotse ki yar. Kunun tsamiya da safe ma yana taimakawa. Abin da ke ba ni haushi, a surfe gero a bushe dusar a ba akuya, matar gida kuma ta wuni kan farin burodi da taliyar leda. Akuyar nan kun taɓa jin ta yi kukan cushewar ciki? Sai dai duk wannan ba ya aiki sai da ruwa, kofi 8 zuwa 12 a yini, fiye da haka a zafin bazara. Na san kina rage sha don fitsari ya ishe ki. Ki sha da yawa da rana, ki sassauta da dare. Ki kuma riƙa ɗan tattaki bayan la'asar, ko da zagaye tsakar gida ne. Masu kwaɗayin farar ƙasa, ku bar ta: tana toshe hanji, tana kuma hana jini ƙaruwa.

Za a kawo miki shawarwari, wannan ta ce filasko, waccan ta ce jar kanwa, mai lasifika a kasuwa ya ce nasa yana wanke ciki tas. Cikin da ke da mutum a ciki ba a wanke shi da abin da ba a san ƙarfinsa ba. Mai sa murɗa da zawo yana zuƙe ruwan jiki, man zurma kuwa har mahaifa yake tayarwa. Duk abin da za ki haɗiya, ko na kemis ne, a fara nuna wa ma'aikaciyar awo.

In kin ga jini, ko ciwon ciki mai tsanani, ko amai ya haɗu da rashin fitar ko da iska, asibiti za ki a ranar. Sannan ki riƙe wannan: a watan haihuwa, in mara da baya suna ciwo suna saki, kuma kika ji kamar bayan gida ya matse ki ƙwarai, kada ki shiga banɗaki ki sa sakata. Kan yaro in ya sauko, haka ake jin sa. Ki kira wadda ke kusa.

'Yar ƙanen nawa na raka ta awo da kaina ranar Talata, ledar maganin a jakata. Ita ta kasa magana, ni na yi. Jiya ta aiko a tambaye ni ko ina da sauran busasshen zogale.

Taku,
Gwaggo