Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Lokutan Gwaji Kafin Tiyatar Rage Ƙiba

Ƙiba idan ta yi yawa cuta ce. Tana jawo ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi cikin barci. Wani yakan rage abinci, ya motsa jiki, ya sha magani, amma ƙibar ta ƙi sauka. Irin wannan mutum ne likita kan yi wa tiyata a babban asibiti.

A tiyatar da aka fi yi, ana yanke wajen kashi uku cikin huɗu na tumbin mutum. Daga nan abinci kaɗan zai ƙosar da shi. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan aiki suka fitar da sabon ma'auni. A ma'aunin, mai tsawon santimita 170 da ya kai kilo 102 yana cikin waɗanda za a iya yi wa aikin.

Kafin a yi tiyatar akwai gwaje-gwaje, kuma kowane gwaji da lokacinsa, kamar shuka. Idan aka yi shi da wuri ainun, sakamakonsa ya tsufa, sai a sake biyan kuɗi. Idan aka makara, ba a samun lokacin gyara abin da aka gano, sai a ɗage aikin.

Wata uku zuwa shida kafin tiyata

Mara lafiya zai ga likitan tiyata, da masanin abinci, da likitan ƙwaƙwalwa. Za a ɗebi jininsa a duba ƙarancin jini da lafiyar hanta da ƙoda. Akwai gwajin suga da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Idan sugan ya hau, saukar da shi yana cin watanni. Mai yawan minshari kuma za a gwada numfashinsa yana barci.

A wannan lokaci ne likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta baki ya duba tumbi. Idan ya ga ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, zai ba da magani na kwana 10 zuwa 14. Sai an yi sati huɗu da gama maganin sannan a sake gwaji. Wanda ya bar wannan gwaji sai kusa da tiyata ya makara.

Sati shida zuwa sati huɗu kafin tiyata

Mai shan taba zai daina ɗungurungum, domin taba tana hana rauni warkewa da wuri. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta faɗa wa likita. Wasu ƙwayoyin suna sa jini ya daskare a jijiya, don haka akan dakatar da su sati huɗu kafin aiki, a ba ta wata hanyar. Bayan tiyata ma, ana son ta yi wata 12 zuwa 18 kafin ta ɗauki ciki.

Watan ƙarshe

Mara lafiya zai ga likitan da ke sa barci lokacin tiyata. Za a auna bugun zuciya, a sake gwajin jini, domin a san halin da jiki yake ciki a yanzu. Ya tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Likita ne zai faɗi wanda za a ajiye da ranar ajiye shi. Wajen sati biyu kafin aiki, akan sa shi cin abinci mara mai da suga sosai, don hanta ta ragu, likita ya sami wurin aiki.

Ranar tiyata

Ba a cin abinci awa shida kafin aiki. Koko, kunu, fura da madara duk abinci ne. Ruwa zalla akan bari a sha har saura awa biyu, idan likita ya yarda. Mace kuma za a yi mata gwajin ciki.

Yawancin wannan tsari ya shafi sauran ayyukan tiyata, kamar na gwaiwa da maƙoƙo. Wanda ya iya karatu da rubutu ya sami littafi ya rubuta ranar kowane gwaji. Ya adana takardun sakamako wuri ɗaya, ya riƙa zuwa da su asibiti.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa idan aka yi gwaji da wuri ainun?
2. Sati nawa ake jira bayan maganin ƙwayar gyambon ciki kafin a sake gwaji?
3. Don me ake hana shan koko da safiyar ranar tiyata?