Lokacin Da Mai Rahusa Ya So Haɗiye Na Gwamnati: Darasi Daga Ryanair Da Aer Lingus

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen kasuwanci da akanta, tambayar da ke tafe tana yawan fitowa a darasin haɗewar kamfanoni, kuma mu da muke Injiniya ma ba mu tsira ba tunda kowa yana yin kwas ɗin sana'a: shin ya halatta hukuma ta hana ciniki alhali mai saye ya zo da kuɗinsa a hannu? Babu misalin da ya fi fito da wannan tambaya fili kamar abin da ya faru a ƙasar Ayilan tsakanin 2006 da 2015.

Aer Lingus shi ne kamfanin jiragen sama na ƙasar, an kafa shi tun 1936. Ryanair kuwa ɗan baya ne, na shekarun 1980, kuma Tony Ryan da ya kafa shi tsohon ma'aikacin Aer Lingus ɗin ne. A hannun Michael O'Leary kamfanin ya zama gagarau wajen araha. Dabarar ba boyayya ba ce: jirgi iri ɗaya, Boeing 737, don kada kuɗin gyara da horo su yi yawa, jirgi ya sauka ya sake tashi cikin kimanin minti 25, a sauka a ƙananan filaye masu arha, kamar Beauvais da ke nesa da Paris sosai amma a kira shi Paris, sannan jaka da zaɓen kujera da ruwan sha duk ka biya daban.

A ƙarshen 2006 gwamnati ta kai Aer Lingus kasuwar hannayen jari a kan yuro 2.20 kowane hannu, ta riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ko mako ba a yi ba, ranar 5 ga Oktoba, sai ga O'Leary da tayin yuro 2.80, wato kusan yuro biliyan ɗaya da rabi ga kamfanin baki ɗaya.

To, ga inda muhawarar take. Masu goyon baya suka ce ƙasar Ayilan ƙarama ce, Aer Lingus ba zai iya karawa da manya irin Lufthansa da Air France shi kaɗai ba, gara a haɗa ƙarfi a samu kamfani ɗaya na gida mai ƙwari. Ryanair ya yi alkawarin barin sunan Aer Lingus yadda yake da kuma rage kuɗin tikiti. Kuma a gaskiya, wanda ya sayi hannu a 2.20 aka ce masa ga 2.80 bayan kwana kaɗan, da wane baki zai ce a'a? Gwamnati da ƙungiyoyin ma'aikata suka tsaya a ɗaya ɓangaren. Ma'aikata na tsoron albashi da 'yancin ƙungiya, don a lokacin Ryanair ba ya hulɗa da ƙungiyoyin ƙwadago ko kaɗan. Gwamnati kuma na cewa ƙasar tsibiri ce, ba mota ba jirgin ƙasa zuwa Turai, bai kamata ƙofar fita ta koma hannun mutum ɗaya ba.

Amma ba kishin ƙasa ne ya kashe cinikin ba, kuma nan ne nake so ku buɗe ido, don nan ake samun maki. Hukumar Tarayyar Turai ce ta hana shi ranar 27 ga Yunin 2007, a kan dalili guda: gogayya. Ryanair ya so a auna kasuwar da faɗin Turai duka, inda kamfanonin biyu ko an haɗa su ba za su yi babakere ba. Hukumar ta ƙi. Ta ce mai son zuwa Landan daga Dablin ba ruwansa da arhar tikitin Madrid zuwa Rum, saboda haka kowace hanya kasuwa ce mai zaman kanta. Da aka auna haka, sai aka ga kamfanonin biyu suna karo a hanyoyi 35, kuma a 22 daga ciki ba wani na uku. Kusan kashi 80 cikin ɗari na gajerun tafiye-tafiye daga Dablin zai koma aljihu ɗaya.

Ku ɗauke shi kamar masu abinci biyu ne kaɗai a cikin makaranta. Wadda ta fi araha ta ce za ta sayi rumfar ɗayar, ta rantse ba za ta ƙara kuɗin shinkafa ba. Wataƙila da gaske take. Sai dai abin da ke hana ta ƙarin a yau shi ne rumfar da ke gefenta, kuma ita ce take son rufewa. Cewa akwai gidajen abinci ɗari a cikin gari ba zai amfani mai lacca ƙarfe biyu ba.

O'Leary bai haƙura ba. Ya dawo a Disambar 2008, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, da tayin yuro 1.40, rabin na farko cif. Gwamnati ta ce an raina kamfanin. Ya sake dawowa a 2012 da 1.30, wannan karon da magani a hannu: zai miƙa hanyoyi 43 ga kamfanin Flybe don ya zama sabon abokin gogayya. Hukumar ta duba ta ce Flybe ba shi da ƙarfin tsayawa gaban Ryanair, ta sake hanawa a Fabrairun 2013, hanyoyin karo sun kai 46 a lokacin. Flybe ɗin nan ya rushe a 2020, don haka da wuya a ce hukumar ta yi masa mugun zato. A 2013 ɗin kuma hukumar gogayya ta Birtaniya ta umarci Ryanair ya rage hannun jarinsa na kashi 29.8 zuwa kashi 5, domin ko ba ka mallaki kamfani ba, kaso irin wannan ya isa ka toshe masa wasu manyan shawarwari ka kuma kori masu son saye.

Wani abu da masu kare kamfanin ƙasa ba sa son a tuna: a 2007 Aer Lingus da kansa ya sanar da janye jiragensa na Shannon zuwa Heathrow, ya kai guraben Belfast inda ya hango riba, gwamnati na da kasonta amma ba ta hana ba. Guraben sauka da tashi a Heathrow dukiya ce mai tsada, don filin ya cika maƙil, kuma su ne rabin abin da ake rigima a kai.

A 2015 aka sayar da Aer Lingus ga IAG, uwar British Airways da Iberia, a kan kusan yuro 2.55 kowane hannu. Gwamnatin da ta ƙi ɗan gida har sau uku ta sayar wa baƙo, bayan an ba ta tabbacin shekara bakwai kan hanyoyin Heathrow. Ryanair ma ya sayar da nasa ya tashi da riba. Hukumar ta amince, bisa sharaɗin sakin wasu gurabe a Gatwick, saboda hanyoyin da IAG da Aer Lingus ke karo a kai kaɗan ne.

Ga masu zuwa gasar muhawara: in an ba ku ɓangaren Ryanair, ku dage kan faɗin kasuwa da tarihinsa na karya farashi. In an ba ku ɗaya ɓangaren, ku bar maganar tuta da kishin ƙasa, don abokin karawa zai jefe ku da cinikin 2015. Ku riƙe lissafin hanyoyi 35 da 22 ɗin nan, ku tilasta masa ya faɗi wanda zai hana ƙarin kuɗi a kansu.